Da Hannuna Na Goge Sunana

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, har da ku mazan da kuke laɓewa kuna karantawa, in an tambaye ku ku rantse ba kwa karanta labarin soyayya. Na ga saƙonninku. Masu cewa in yi haƙuri sun fi yawa, na kuma gode. Amma ku bari in zayyana muku yadda aka yi tukuna, sannan ku nuna mini inda haƙurin zai shiga.

Ga wadda yau ta fara cin karo da ni, sunana Badiyya Shitu, shekarata ashirin da shida. A Agege aka haife ni, a layin da ke bayan titin jirgin ƙasa. Babana Alhaji Shitu dillalin fata ne a Abbatuwa, babbar mayankar dabbobi. Shekara talatin yana cikin ƙiraga da gishiri, har in ya dawo gida sai Umma ta tare shi da bokiti da sabulu kafin ya zauna mata a kan kujera. Ni kuwa Allah Ya jarabce ni da kallon sama. Digirina na biyu nake yi a kan iskar rana.

Ku yi dariyarku, ƙawayena ma sun yi. Rana ba haske da zafi kaɗai take aiko mana ba. Kullum tana feso wani irin tururi mai ɗauke da lantarki, filasma muke ce masa, yana keta ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa guda. Shi ne iskar rana. Abin da ke tare mana ita kuwa wata garkuwa ce ta maganaɗisu da Allah Ya kewaye duniya da ita, ido ba ya ganinta. Akwai kumbuna da aka ajiye can tsakaninmu da rana, nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi, suna auna iskar kafin ta iso, suna turo lambobin, kuma duk mai data yana iya saukewa kyauta. Aikina shi ne in ɗauko lambobin kumbon, in gwada su da abin da ƙasar Legas take ji idan iskar ta daki garkuwar.

Don haka na haɗa 'yar na'urar auna maganaɗisu, na zura ta a bututun roba, na binne a bayan siton fatun Baba da ke jikin gidanmu. Wata goma sha huɗu ina jinyarta. Agege ba wurin irin wannan na'ura ba ne, don duk ƙarfen da ya motsa kusa da ita sai ta rubuta shi. Jirgin ƙasa ya wuce, ta rubuta. An ja ƙyauren sito, ta rubuta. Mai waldan maƙwabta ya tada injinsa, ta rubuta. Sai na sayi littafi mai bangon kwali, duk abin da ya motsa in duba agogo in rubuta lokacinsa, daga baya in zauna in tsince shi daga lambobin kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Har Umma ta saba. Ina makaranta za ta turo mini saƙon murya: "Ke, jirginki ya wuce, biyar da kwata."

Sai Hadi.

Hadi Zakari ɗalibin digiri na uku ne a sashenmu, iyayensa Katsinawa ne mazauna Ikorodu. Dogo, wankan tarwaɗa, ga iya sa shadda. Duk Lahadi bayan la'asar zai zo zance cikin ruwan toka ko ruwan ƙasa, hula a karkace, ƙamshinsa ya riga shi shiga zaure. "Farfesata" yake ce mini. Ba zan ɓoye muku ba, na so shi, so mai sa mace ta riƙa murmushi ita kaɗai a cikin danfo, motar hayar Legas. Shi ne namiji na farko da na ce wa filasma bai tambaye ni ko talabijin nake nufi ba. Iyayensa suka zo gaisuwa da goro da alewa, Baba ya karɓa a gaban Sarkin Fawa da manyan Abbatuwa. Sa rana kaɗai ya rage.

Wata Juma'a cikin watan Mayun 2024, wajen biyar da rabi na yamma, ina tsakar gida ina yankan kuɓewa, waya a gefena, sai na ga lambobin kumbon sun yi tsalle. Gudun iskar ya haura, ƙarfinta ya ninka. Na san nan da rabin awa za ta iso mana. Na saki wuƙa na ruga bayan sito da ɗankwali a hannu, Umma tana bina da "Ke lafiyarki kuwa?" Shida da 'yan mintuna, layin da ke kan kwamfutata ya miƙe tsaye. Guguwar rana ce wadda aka yi shekara ashirin ba a ga irinta ba, kuma 'yar na'urata ta bututun roba ta kama ta tun daga dukan farko. Na zauna a kan buhun gishiri na yi kuka. Na kira Hadi, yana cikin cunkoson Mile 12, ya ce, "Ki adana komai, Farfesata, kar ki goge ko ɗigo."

Muka rubuta takarda. In faɗi gaskiya, ni na rubuta, shi ya gyara Turancin, shi kuma ya san mujallar da za a aika wa. Kafin a aika, sashenmu ya ce mu zo mu yi bayanin aikin a gaban malamai. Hadi ya kai sanarwar wurin mai buga takardu na bakin makaranta. Mutumin nan katin biki ya saba bugawa, sai ya ƙawata ta da zanen fure a gefe da ruwan zinare. A tsakiya ga sunaye biyu manya: Hadi Zakari da Badiyya Shitu. A ƙasa, Asabar, ƙarfe goma na safe, babban ɗakin taro.

Hadi ya ɗora a wayarsa. Wani ɗan uwansa mai sayar da kayan ciki ya gani, ya tura guruf ɗin 'yan Abbatuwa.

To, mutanen Baba ba karatun Turanci suka yi ba, amma sun san kati in sun gani. Sunan namiji, sunan mace, rana, lokaci, wuri, ga fure. Me ya rage?

Ranar Baba ya dawo tun kafin azahar. Umma ta miƙo bokiti, ko kallonsa bai yi ba.

"Uwata."

"Na'am Baba."

"Wa ya ɗaura miki aure?"

Na ɗago kai. Ya miƙo mini wayarsa, ga sanarwar nan a fuskarta.

"Baba takardar makaranta ce. Bayani za mu yi a kan iskar rana."

"Tun safe nake karɓar barka. Sarkin Fawa ya aiko a tambaye ni laifin da ya yi mini da zai ji auren 'yata a waya. Aminina Alhaji Jabiru ya ƙi amsa sallamata. Wani har buhun shinkafa ya ajiye mini a ƙofar sito. Na ce musu ba aure ba ne, suka ce to me ya haɗa sunan 'yarka da na namiji a kati, da rana da wuri? Me zan ce musu? In ce iska?"

"Baba, haka ake yi a makaranta, duk wanda ya yi aiki..."

"Ban aike ki ki koya mini yadda ake yi ba. Kafin a ɗaura aure, kar in sake ganin sunanki a jikin na yaron nan a kowace irin takarda. In an ɗaura, ku buga a jikin danfo ma in kun ga dama."

Na shiga ɗaki na kira Hadi, a zatona zai ce gobe zai zo ya yi wa Baba bayani. Sai na ji ya ja numfashi.

"Abeg ki bi maganar Baba. Wata nawa ne? Mujallar ma sai ta yi wata shida ba ta amsa ba. Kafin nan an ɗaura, sai in rubuta musu a mayar da sunanki. No wahala."

Ku tambaye ni me ya sa ban ce a cire nasa a bar nawa ba. Wallahi sai da na kwana uku kafin tunanin ya zo mini. Shi ne babba, shi ya san mutane, shi ne mijin da zan aura, kuma ni irin tarbiyyar da aka yi mini ke nan. Na buɗe kwamfuta, na kai kan layin sunaye, na goge nawa harafi ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Ni 'yar fari ce, Umma ba ta taɓa faɗin sunana ba don alkunya. Baba kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ma ba ya faɗa. A takardar nan ce kaɗai na taɓa ganin wani ya rubuta shi da manyan baƙaƙe, na kuma share shi da kaina.

Ranar bayanin na zauna a layi na uku cikin baƙar abaya, ina kallon Hadi yana nuna zanena da sanda. Da na ji ya ce "na binne na'urar a Agege", ƙawata Nanret ta mintsine ni a cinya har sai da wurin ya yi tabo. Nanret 'yar Filato ce, teburinmu ɗaya a ɗakin bincike, Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ta raɗa mini, "Kai Badiyya, ka haukace ne?" Na ce mata cire sunan na wucin gadi ne.

Wata tara suka shuɗe. Sa ranar da ake cewa gobe jibi ta yi ta ja baya, yau babansa ba lafiya, gobe Hadi yana fama da rubutun digirinsa. Ni kuma ban matsa ba, don mace ba ta tambayar ranar aurenta.

Cikin watan Fabrairu, ina guga, saƙon Hadi ya shigo.

"Albishirinki!"

Na rubuta, "Goro."

"Takarda ta fito. Kuma wata farfesa a Turai ta karanta. Ita ke jagorantar masu nazarin lambobin wani kumbo da ke kewaya garkuwar duniya. Ta ba ni gurbi, shekara uku!"

Na ajiye dutsen guga a kan mayafina har ya ƙone ban sani ba. Aikin da na yi shekaru ina mafarki ke nan, in zauna da mutanen da kumbo yake turo wa lambobi kai tsaye. Na rubuta, "Gurbi nawa?"

"Ɗaya. Amma tare za mu tafi, ke a matsayin matata. Kawunnaina za su zo sa rana Lahadin nan."

"Sunana fa?"

Na ga alamar yana rubutu, ya daina, ya sake farawa. Can sai ga kalma huɗu: "Za mu yi magana."

Gidanmu kuwa ya kaure da murna. Umma ta rangaɗa guɗa har maƙwabta Yarabawa suka leƙo. Washegari ta ja ni kasuwar Idumota, muka sha rana muna zaɓen leshi. Ta ɗauki wani ruwan hoda mai duwatsu ta kanga mini a ƙirji tana cewa, "Matar mai zuwa Turai ai ba ta sa na jiya." Baba ya koma Abbatuwa yana taku ɗai-ɗai, ya aika wa Sarkin Fawa ƙwaryar goro tun kafin ranar. Auren da ya yi wata tara yana jan ƙafa, ga shi cikin kwana shida ya tashi da gudu. Ban tambayi kaina dalili ba a lokacin.

Ran Laraba Nanret ta turo mini takardar kamar yadda ta fito a mujalla, da saƙo a ƙasa: "Ka duba hoto na huɗu. Wannan ba kai ka rubuta ba."

Na fara duba sama. Hadi Zakari, shi kaɗai. Na gangara ƙasa wurin godiya, inda ake sa har sunan wanda ya ara wa mutum kujera. Ya gode wa shugaban sashe, ya gode wa masu kumbon, ya gode wa iyayensa. Ni babu.

Sai hoto na huɗu. Ashe bayan na miƙa masa aikin ya ƙara wani sashe nasa na kansa. Wai a kwanakin da suka biyo bayan guguwar, ya gano wata 'yar rawa da maganaɗisun Legas yake yi safe da yamma, kusan lokaci ɗaya kullum. Wai garkuwar duniya ce take ci gaba da kaɗawa bayan dukan da ta sha, kuma ba wanda ya taɓa ganin haka a wannan yanki. Wannan sashen ne ya burge farfesar.

Na kalli lokutan. Takwas da 'yan mintuna na safe. Biyar da kwata na yamma.

Na jawo littafina mai bangon kwali daga ƙarƙashin katifa, na jera ranakun. Ko ɗaya bai kuskure ba. Jirgin ƙasa ne. Hadi ya kwashi ɗanyun lambobi daga kwamfutata, waɗanda ban tsince ba, don bai taɓa ɗaukar littafin nan da daraja ba. "Littafin gulmar unguwa" yake ce masa. Na yi dariya har na riƙe ciki, Umma ta leƙo tana murmushi, a tunaninta da ango nake hira. Ban san lokacin da dariyar ta koma kuka ba.

Ran Alhamis bayan la'asar ya zo. Farar shadda ɗinkin tazarce, sabon agogo, sabon takalmi. Ni ko hoda ban shafa ba, hijabin salla na zura na fita zaure. Na ajiye masa ruwa da zoɓo kamar kullum.

"Farfesata, yau ba kwalliya?"

"Yaushe za ka rubuta musu a mayar da sunana?"

Ya kurɓi zoɓo, ya juya kofin a hannunsa.

"Badiyya, abin ya wuce nan. Da zan nemi gurbin sai da na sa hannu cewa aikin nawa ne ni kaɗai. In na ce a ƙara suna yanzu, za su tambayi dalili."

"Sai ka faɗa musu dalilin."

"In ce me? In ce surukina ya ɗauka katin biki ne? Su yi mana dariya?"

"Ko a wurin godiya ba ka sa ni ba."

"Shebi, ba Baba ne ya ce kowace irin takarda ba?" Ya yi murmushi, ya matso. "Ni da ke ai ɗaya ne. A can Misis Zakari za a riƙa kiranki. Ga Zakarin nan a saman takarda, me kuma kike nema?"

'Yan uwa, da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Hoto na huɗu jirgin ƙasa ne."

"Me?"

"Rawar da ka gano. Jirgin safe ne da na yamma. Yana cikin littafin gulmar unguwa, rana da rana."

Na ga gumi ya tsattsafo masa a ƙasan hula. Ya zaro waya, ya duba, ya mayar, ya sake zarowa.

"Wa ya sani?"

"Ni da Nanret. Umma ma in ta ga lokutan za ta gane, ita ke turo mini su."

"Ki ba ni littafin."

"Ka yi me da shi?"

"In adana." Ya sassauta murya. "Ki saurare ni. In mun je can za ki riƙa taimaka mini daga gida, mu gyara a hankali, ba wanda zai farga. Ke kika rubuta shirin kwamfutar da ke haɗa lambobin kumbo da na ƙasa, ni ko buɗe shi ban iya sosai ba. Ina buƙatarki a can, wallahi ina buƙatarki."

A nan na gane abin da ya tada auren da gudu. Na yarda yana sona, irin son da ya iya. Amma ba don son ba ne kawunnansa za su taso daga Ikorodu ran Lahadi. Na ɗauki tirena na shige gida, yana kira ban waiwaya ba.

Ran Asabar na rubuta wa farfesar wasiƙa. Na haɗa hotunan shafukan littafin, da hoton ranar da na haƙa ramin, da shirin kwamfutar mai ɗauke da ranakun da na rubuta shi. Ban aika ba, na tura wa Nanret ta duba. Ta kira ni nan take.

"Badiyya, ka san abin da zai faru? Ba shi kaɗai zai faɗi ba. Za su janye takardar gaba ɗaya, har da naka aikin mai kyau. Gurbin kuma ba za su ba ka ba, ɗan wata ƙasa za su ba. Malamanmu za su ce ka kunyata sashe. Aure kuma ya mutu. Me za ka samu?"

Na ce ban sani ba. Gaskiyata ke nan, ban sani ba.

Lahadi tun hantsi gida ya cika. Gwaggonnina sun kafa tukwane a tsakar gida, ga dafa-duka, ga soyayyen nama tuli, don gidan ɗan Abbatuwa ba a rowar nama. Aka matsa mini na sa leshin ruwan hodar, aka kafa mini ɗauri, wata ta fesa mini turare har ina tari. Bayan azahar motoci biyu suka tsaya a ƙofa. Kawunnan Hadi suka shiga zaure da goro da dabino da katan-katan na alewa. Shi ango ba ya zuwa irin wannan zama, yana Ikorodu yana jiran waya.

Na saci jiki na shiga ɗakin Baba. Yana tsaye gaban madubi yana gyara babbar riga. Na durƙusa.

"Uwata, yanzu kuma? Baƙi suna jira."

"Tambaya ɗaya ce Baba. In mutum ya sayi fata, ya sa mata gishiri, ya yi ta juya ta har ta kama, ya sa mata shaidarsa da fenti, sai wani ya kankare shaidar ya sa tasa, ya kai wa masu saye. Me kuke yi masa a Abbatuwa?"

Ya juyo da sauri. "Ba ya sake taka sito. Ko a masallaci ba mai matsa masa ya zauna. Wa ya yi?"

Na faɗa masa. Na'urar da na binne a bayan sitonsa, wata goma sha huɗu, takardar, gurbin da aka bayar saboda ita, da abin da Hadi ya ce mini a zaure. Ban ƙara ko kalma ba, ban kuma yi kuka ba. Ina magana yana saukowa a hankali har ya zauna a bakin gado.

"Sunan nan da na ce a cire."

"E, Baba."

"Shi ne shaidar."

"Shi ne."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, wanda gishiri ya cinye har ya yi fari-fari.

"Ban san shaida ba ce. Na ɗauka ado ne irin na 'yan boko."

Ya gane, wallahi ya gane sarai, fiye da yadda malaman sashenmu za su gane. Na fara jin kamar an sauke mini dutse daga ka. Sai muryar ƙaninsa, Kawu Khamisu, ta taso daga ƙofa: "Yaya, mutane fa sun gaji da zama."

Baba ya miƙe. Ya ɗauki hularsa, ya sa, ya cire, ya sake sawa. Bai yarda mun haɗa ido ba.

"Na karɓi gaisuwar mutanen nan a gaban Sarkin Fawa. Na aika masa goron yau. Sau ɗaya an yi dariyata a Abbatuwa a kan maganar nan, Uwata, har yau in na wuce ana tambayata ina katin. Ba zan iya ta biyu ba." Ya kai ƙofa ya tsaya. "Ki yafe mini."

Tunda nake a duniya Baba bai taɓa neman gafarata ba. Da zagina ya yi, da na san yadda zan yi da shi. Amma ya san an cuce ni, ya san da bakinsa aka cuce ni, ya nemi in yafe, sannan ya gyara rigarsa ya fita ya ba da ni. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, har yanzu da nake rubuta muku.

Na koma ɗakina na zauna a bakin taga, inda ake jin maganar zaure. Aka gaisa, aka yi barkwanci tsakanin Katsinawa da mutanen gidanmu, aka yi dariya. Na ji muryar Baba ba ta ko rawa: "Mun ba ku. Asabar ta biyu bayan ƙaramar salla." Liman ya ce a yi fatiha.

Na buɗe wasiƙar. Na sa adireshin farfesar, na sa na mujallar, na ƙara na Hadi, don ba na son a ce na yi a ɓoye. A ƙasa na rubuta Badiyya Shitu, Agege. Suna shafa fatiha na danna.

Guɗa ta tashi a tsakar gida. Umma ta faɗo ɗakin da gwaggonnina a bayanta, idonta cike da hawayen daɗi, ta cusa mini dabino a baki. Ba a yi minti biyar ba wayar ta fara ruri a hannuna. Umma ta leƙa fuskar wayar ta tafa hannu.

"Ango ne! Oya ɗauka mana, murna zai yi miki. Ku yi shiru, ku yi shiru, ango ne."

Duk suka yi tsit suna murmushi. Na haɗiye dabinon, na ɗauka.

"Badiyya," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba. "Me kika yi?"

Na kalli Umma. Na ce, "Sunana na rubuta."